Albasar da Aka Kai wa Kulu

Ruwa bai shiga gonakin Kadawa ba ranar Talata, don gidauniyar da ke goye da manhajar rabon ruwa ta sauke ta. Dokar yanzu ke nan, manhajar kyauta in ba mai goya ta, rufe ta ake yi.

Barau shugaban manoma ya kasa zama a ofishin gidauniyar. Ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo.

"Baba, shekara guda ba gudummawar da ta biyo ta hannunmu," in ji ma'aikaciyar. "Na'ura ta ɗauka ba mai amfani da ita."

"'Yar nan, mu ɗari huɗu ne fa. Kulu da ta rubuta mana manhajar, buhun albasa nawa muka kai mata har gida? Mutum ya yi maka alheri, sai ka tura godiya ta waya?"

"Na'ura ba ta jin warin albasa, Baba."

Ranar Juma'a wani kamfani ya yarda zai buɗe ruwan da tasa manhajar, in an ba shi gonar bakin madatsa. Tumatirin jama'a ya fara kwanciya. Gonar ta Barau ce, gadon ubansa. Ya dangwala yatsa.