Inda Aka Binne Mahaifiyar Baƙo

Ka ce takardar fili na hannunka, don haka ba ka ga abin gode wa kowa ba. To, gyara zama.

Wani manomi ne mahaifinsa ya gudo wa yunwa, ya sauka a gindin wani dutse. Mutanen dutsen suka yanka masa gona. Ba su nemi komai ba sai damin gero ɗaya duk kaka, a kai wa tsohonsu. Ba haya ba ce, shaida ce kawai cewa an san masu wurin. Suka kuma roƙe shi kada ya taɓa fasassun tukwanen da ke kife nan da can a gonar, don ƙarƙashin kowace akwai nasu a kwance. Mahaifin ya riƙe amana har ya bar duniya. Da ɗan ya gada, ya ga rumbu ya cika, sai kansa ya kumbura. Ya ce ai nan aka binne cibiyarsa, wa zai kai wa dami? Tukwanen kuwa suna kama masa garma, ya tattara su ya watsa a kwazazzabo. Sau biyu tsohon yana aikowa, ko ruwa ba a ba manzon ba.

Ana nan, a tsakiyar marka, mahaifiyar manomin ta cika da hantsi. Rafi ya kawo har baki, babu halin hayewa da gawa zuwa maƙabartar gari, bayan gida kuma falalen dutse ne. Aka yi mata sutura, shi da ƙanensa suka shiga gona da diga. Ramin farko bai kai gwiwa ba sai ga ƙashin haƙarƙari. Suka mayar da ƙasa, suka matsa gaba. Na biyu, ƙoƙon kai ne da duwatsun ado na wuya. A na uku ƙanen ya ɗago ƙashin jariri, ya ajiye diga ya ce shi kam ya gama. Tsoro ya kama manomin, irin wanda bai taɓa ji ba. Shekara goma sha biyu yana cin tuwon da ya tsiro a kan mutane, yau kuma ko ina ya ɗaga ƙafa bai san wa zai taka ba. La'asar ta yi, hadari ya sake haɗowa a gabas, ga gyatuma kwance a zaure, ƙudaje sun fara gane hanya.

Ya hau dutsen, ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, na yi laifi. Ƙasarku ce. Ban san inda zan sa tsohuwata ba."

Tsohon ya jawo sandarsa suka gangaro. Yana tafe cikin geron yana kauce wa wuraren da babu alamar komai, yana kiran sunaye ƙasa-ƙasa. A gindin wata ɗorawa ya tsaya.

"Haƙa nan," in ji shi. "Kaina na ajiye wa, kusa da matata. In an yi uku ka zo mu zaga gonar, in faɗa maka su waye, tun ina da rai. Bayan ni babu wanda ya sani."

Aka haƙa har ƙirji, jar ƙasa ce zalla.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.