Ciyaman Ɗin Katifa

Ƙarfe bakwai daidai Yaya ya banko ƙofar ɗakin da ƙafa, ya yaye labule.

"Ranka ya daɗe, Ciyaman ɗin katifa. Yau ma da filo za a yi zaman majalisar?"

Dogo bai motsa ba. Wata goma sha ɗaya ke nan da kwalejin fasaha ta sallame shi, bayan ya faɗi jarrabawa sau biyu. Ya nemi aiki a garejin gyaran mota, ya nema a shagon waya, ya bi layi a ƙofar kamfanin lemo, kowa ya ce za a kira shi. Daga baya ya daina fita. Daga baya kuma wanka ma ya zame masa aiki.

"Na san ba barci kake ba," in ji Yaya, yana gyara kwat a gaban madubi. "Silin kake kallo, kana ji kamar an ɗora maka buhun siminti a ƙirji. Ragwanci ne, ba wani ciwo ba. Tashi ka ba mutane wuri!"

Abin da ya fi ƙona wa Dogo rai ke nan: Yaya ba ya kuskuren wurin suka.

A gidan, Yaya ne abin nunawa. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, ya fita bakwai da kwata da jakar kwamfuta, ya dawo biyar. Ya rame, Umma ta ce aiki ne ke cin sa. In ta tambaye shi labarin ofis sai ya ce kansa na ciwo, ita kuwa ta juyo kan Dogo: "Ka ga mai nema." Baba ya daɗe da daina yi masa faɗa. Wuce shi kawai yake yi, kamar kujera.

Ranar Asabar Kawu ya zo, aka tilasta wa Dogo fitowa falo. Kawu ya tambaye shi me yake yi yanzu.

"Numfashi," Yaya ya amsa masa. "Shi ma sai an tuna masa."

Aka yi dariya. Dogo bai san lokacin da kofin shayi ya bar hannunsa ba, sai ƙararsa ya ji a jikin bango, dab da kunnen Yaya. Yaya ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Kana ganin kai kaɗai ne..." Bai ƙarasa ba. Ya hankaɗe shi ya fice.

Kwana uku Dogo bai buɗe ƙofa ba, bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa. A na huɗu Umma ta kira maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya. Matar ta zauna a bakin katifa, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ce wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Ta kwatanta masa wani asibiti can ƙarshen gari, inda matasa marasa aiki da makaranta ke zama da likita duk Laraba.

"Zan je," in ji Dogo. "Amma Umma, in Yaya ya ji, wallahi na bar gidan nan."

Ranar Laraba ya jira har ƙarar takalman Yaya ta ɓace a layin, sannan ya yi wanka. Mota biyu ya hau. Sau biyu yana kaiwa bakin ƙofar asibitin yana juyawa.

Ɗakin ƙarami ne, fanka na kaɗawa da ƙyar, kujerun roba a zagaye. Dogo ya shiga kansa a ƙasa, ya faɗa kan kujerar farko, ya kafe ido a kan yatsun ƙafarsa.

"Sannu da zuwa," in ji likitar. "Tsarinmu a nan, wanda ya fi kowa daɗewa shi ke tarbar sabo. Namu wata goma sha huɗu ke nan yana zuwa, tun da ya rasa aikinsa, bai taɓa fashi ba. Bismilla, malam."

Dogo ya ɗaga kai.

Daga kujerar da ke bayan ƙofa Yaya ya miƙe a hankali, sanye da kwat, yana rungume da jakar kwamfuta.