Yatsan Kaka da Kunun Acca

Ƙanwata Ladi tana da wata shida zazzaɓi ya kwantar da Mama a Nok, nononta ya ragu. Aka dama kunun acca, amma da Ladi ta ga cokali sai ta kulle baki. Har ta fara ramewa.

Ranar nan da yamma Kaka ta taso daga wurin shanya citta. Ta wanke hannu, amma ƙamshin bai fita ba.

"Ajiye ƙarfen nan," ta ce wa Mama. "Cokali baƙo ne, yatsa ɗan gida ne."

Ta tsoma yatsa a kunun, ta shafa a leɓen Ladi. Ladi ta yamutsa fuska, ta lasa, sai ta yi tsit kamar an kira sunanta daga nesa. Ina tsugune kusa, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta kama yatsan da hannu biyu.

"Yanzu ki ba ta nono," in ji Kaka ga Mama, "ta san ba korar ta kika yi ba."

Kaka ta daɗe da rasuwa, Ladi kuwa ta fi ni tsayi. Amma duk na ji ƙamshin ɗanyar citta, ɗan maƙogwaron nan nake gani.