Motar Da Ta Sha Ruwa Ta Hanci

Alhaji, ajiye bututun nan tukuna, ka ja benci ka zauna. Tun ɗazu nake yi maka bayani, kai kuma sai cewa kake ai ka gani a waya. To, tunda bayanin ya ƙi shiga, bari in ba ka misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama da motarka.

An yi wani ɗan kasuwa mai sayar da tayil, ya sayi mota irin taka, mai sufacaja, wato famfon nan da ke dura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Motar lafiyarta lau, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ran nan a hanyar Zariya wani abokinsa ya wuce shi, har da ɗaga masa hannu. Shi ke nan, abinci ya daina yi masa daɗi. Ya kai ta wajen wani tsohon bakanike, ya ce a ƙara mata gudu. Tsohon ya buɗe bonet, ya ce masa inji kamar mutum ne, in hancinsa ya toshe ba ya iya gudu, kuma iska mai sanyi ta fi masa amfani a kan mai zafi. Ya sake mata matacin iska, ya cire siririn tiyon da ta zo da shi ya sa mai faɗi, ya miƙar da lanƙwasar da ke shaƙe ta, ya kare bakin tiyon da farantin ƙarfe don kada ya riƙa zuƙar hucin inji. Mota ta samu numfashi, ko kaɗan aka taɓa totur sai ta zabura. Tsohon ya ce masa iyakar abin da hanyoyinmu za su ɗauka ke nan, ya je ya gode wa Allah.

Ina godiya? Ko mako biyu ba a yi ba sai ga shi ya dawo da waya a hannu. Wai ya ga masu tseren mota a ƙasashen waje suna sauke bakin bututun can ƙasa, bayan bamba, inda iska ta fi sanyi, shi ma haka yake so. Tsohon ya ce gaskiya ne, iskar ƙasa ta fi sanyi, amma waɗancan a kan filin tsere suke, shi kuwa a garin da kwata ke cika ta malalo kan titi yake zaune. Ya faɗa masa sau ɗaya, ya sake faɗa, har ya ɗebo ruwa a buta ya nuna masa yadda tiyo ke zuƙa. Mutumin ya ce tsufa ne ya zo da tsoro. Ya ja motarsa zuwa wani gareji inda ba a musu da mai mota, aka sauke masa bututun har bai fi taƙi ɗaya tsakaninsa da ƙasa ba. Motar ta koma gurnani kamar zaki. Ya bi gari yana taka ta, yana cewa ashe da can asara yake yi.

Sai damina ta kankama. Wata safiya aka kwana ana ruwa, surukinsa zai tashi zuwa Umara, shi kuma ya rantse ba mai kai dattijon filin jirgi sai shi. Suka iso ƙarƙashin wata gada, ruwa ya taru, bai ma kai gwiwa ba. Tsofaffin tasi suna wucewa, 'yan adaidaita sahu suna wucewa, har mai kura da buhunan albasa ya tura ya haye. Shi ma mai motar ya kutsa. Ko tsakiya bai kai ba, famfon nan da aka ɗora wa aikin zuƙa ya yi aikinsa, ya zuƙi ruwa ya dura wa inji. Motar ta yi tari ɗaya ta mutu. Da ya bar ta haka, da wataƙila da sauran gyara. Amma kunyar suruki ta sa ya murɗa mukulli, ya sake murɗawa. Iska tana matsuwa, Alhaji, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Aka ji ƙas, ƙarfen fistin da ke matsa iska a inji ya lanƙwashe, ya huda cikin injin, baƙin mai ya bi ruwa.

Surukin ya buɗe ƙofa ya fito. Ya naɗe wandonsa, ya ɗora jakarsa a ka, ya taka cikin ruwan kwata da fararen kayansa yana neman abin hawa. Kafin ya isa, an rufe ƙofar jirgi.

Da la'asar aka jawo motar da igiya zuwa wajen tsohon bakaniken. Ya kwance fulogi ɗaya, ruwa ya biyo bayansa. Mai motar, ido ya raina fata, ya tambaya ko za a iya mayar da bututun sama yadda yake a da. Tsohon ya ce, "Za a iya, Alhaji. Amma wa zai shaƙi iskar?"

Sai da ya shekara yana hawa motar haya, kuma har yau in ya je gaida surukinsa ba ya iya ɗaga kai. Abin da ya fi ba ni haushi, ba jahilci ne ya kashe injin nan ba, an faɗa masa, ya ji da kunnensa. Yanzu ga bututunka nan, ga motarka nan tana numfashi lafiya. Amma ka san abin da Hausawa suka ce: garin neman gira, an rasa ido.