Sarƙar Keke

Maigidan bai gama faɗa ba aka sako tsohon fim ɗin barkwancin nan a talabijin.

"Gambarar zamani? A falona, gaban manyan baƙina?" Ya nuna wa autansa ƙofa. "Ja wandonka sama ka ba ni wuri!"

Matarsa ta ƙara wa talabijin murya.

A fim ɗin, wani siririn mawaƙi ya kutsa liyafar attajirai, yana zuba baiti yana kwankwaɗar ruwan wanke hannu a zaton lemo ne. Matar maigidan ta tuna ɗakinsu na haya mai yoyo, da ranar da ta kwance sarƙar keken yayanta, ta shafe ta da fenti ruwan zinare don mawaƙin ya rataya a wuya.

Auta ya ja birki a bakin ƙofa. Ya dubi tabon girar mawaƙin, ya dubi na mahaifinsa.

"Baba?"

A ƙarƙashin teburin gilashi, ƙafar dattijon tana bin kiɗan.

"Kai gaggawar shiga baiti kake yi," ya ce a hankali. "Dawo in nuna maka."