Barci a Kujerar Baya

Tunda na ji kana zancen a yanke wa motarka salansa don ta ƙara gudu, zauna in ba ka misali, Malam Isuhu, in ya so ka yi yadda ka ga dama. An yi wani mai sayar da tayil, mutumin kirki, ba ya shaye-shaye ba ya neman faɗa, amma Allah ya jarrabe shi da son mota mai gudu. Yana da wata ja 'yar Kwatano, irin mai kwanciya ƙasa-ƙasa ɗin nan, kuma ran Lahadi shi da abokansa sukan fita sabuwar hanyar bayan gari su gwada tsere. Kullum shi ne na biyu. Akwai wani da ke shan gabansa da ƙyar, ya fito yana yi masa dariya, abin nan kuwa yana cin ransa ba kaɗan ba. Sai aka ba shi shawara, wai inji kamar mutum yake, in numfashinsa na fita ba tangarɗa sai ƙarfinsa ya ƙaru. A cire salansar kamfani mai tukwane da lanƙwashe-lanƙwashe, a sa bututu mai faɗi, zai samu ƙarin dawakai, ka san da ƙarfin doki ake auna inji. Gogan naka bai yi wata-wata ba ya nufi wurin mai walda. Bututun da aka samu gajere ne, bai kai bayan mota ba, ya tsaya a ƙarƙashinta daidai kujerar baya. Ya ce a bar shi haka, ai gajartar ma riba ce. Abin da bai duba ba, tsatsa ta riga ta huda ƙasan motar a wurin, kafet ne kawai ya rufe. Hayaƙin da a da yake bin iska, yanzu wani sashe nasa ciki yake shigowa, kuma mai kisan a cikinsa ba a ganinsa, ba a jin warinsa.

Tsakani da Allah ƙarfi ya ƙaru. Lahadin da ta biyo baya shi ya zo na ɗaya, bakinsa har kunne. To, yana da 'ya guda tilo, Raliya, yayayya ce, mai ƙiriniyar da sai an yi da gaske take runtsawa. Tun da aka sauya salansar nan, da ya ɗauke ta sun fita zagaye, kafin su bar unguwa ta yi luf a kujerar baya, duk da ƙarar da ke firgita awaki a kan hanya. Shi fa abin alfahari ya ɗauke shi, yana gaya wa abokai 'yar gado ce, ƙugin inji ne waƙar renonta. Uwar ta ce ita motar nan ciwon kai take sa mata, kuma yarinyar in ta farka sai amai da kuka, ya ce zafin rana ne da tsirfa. Shi bai ji komai ba, don kullum gilashinsa a sauke yake, kunne a waje, yana sauraron motarsa. Har ta kai in rigimar yarinyar ta ishe su sai ya ce a miƙo masa ita, ya san maganinta. Nan ne ke ƙona mini rai duk sa'ad da na tuna. Da hannunsa yake kwantar da ita, ya gyara mata matashi, fuskarta na kallon ƙasa inda hujin yake.

Wata rana da damina ya ɗauke ta su biyu, za shi ƙauye ya kai wa tsohuwarsa jikarta. A hanya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, dole ya ɗage gilasai. Suka tarar ruwa ya sha kan gada, motoci sun yi layi ana jiran ya janye. Maimakon ya kashe inji, ina, sai ya bar shi yana aiki, jefi-jefi ma ya taka totur don direbobin gefe su waiwayo. Kansa ya yi nauyi, ya ce gajiya ce. Ya leƙa baya ya ga yarinya ko motsi ba ta yi, ya yi murmushi, ya gode Allah da ba ta dame shi ba. Da suka isa, tsohuwa ta fito da murna ta sunkuci jikarta, sai ta ji ta yaraf kamar jiƙaƙƙen zane. Ta jijjiga ta, ta kira sunanta, aka yayyafa ruwa, shiru.

A asibiti likita ya tambaye shi ko sun kwana da janareta a ɗaki, ko an shigar da gawayi. Ya ce sam. Likita ya ce to a ina yarinyar ta yi barcin nan? Ya buɗe baki zai amsa, sai amsar ta riga shi isa zuciyarsa, ya zame ya zauna a ƙasa.

"A mota, likita," in ji shi. "Ni nake kwantar da ita."

Yarinya ta rayu, amma ba ta ƙara taka ƙafarta ba, ba ta ƙara cewa Baba ba. Yanzu ta girma, sai a kwantar sai a tayar. Yakan zauna a gabanta ya yi ta yi mata wasa, ita kuwa tana kallonsa yadda take kallon bango. Mutumin nan bai kai ka shekaru ba, amma in ka gan shi yau sai ka rantse ya haife ka. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.