Dis Biyu a Shagon Labo

Mari na uku ne ya fasa wa Labo leɓe. Ya tofar da jini a ƙasan shagonsa, ya sake danna maɓallin kwamfutar. Fanka ta juya, allo ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan layi fari na ƙiftawa a kusurwa. Ta ƙi tashi.

Ba son kwamfuta ne ya kawo Alhaji Chindo Cadawa da ƙarti huɗu ba. Ana saura sati biyu zaɓen da soja suka yarda a yi, aka cinna wa kamiyon kamfensa wuta a hanyar Gidan Sori, ƙanensa Sha'ibu na barci a ciki. Wata mata ta ɗauki abin da salula, aka juye bidiyon a kwamfutar Alhaji, salular kuma ta yi ɓatan dabo a ranar. Da an taɓa bidiyon sai injin ya sandare, don dis ɗinsa, wato faifan da ke riƙe da komai, ya tsufa har yana ƙas-ƙas. Har yanzu ba wanda ya ga fuskar mai wutar. Alhaji kuwa bai kai magana wurin jandarma ba, da hannunsa yake so ya rama.

Irin wannan aikin, Labo ya yi shi ya fi sau hamsin: a kwafe tsohon dis kan sabo, a tayar da inji. Su biyun kamfani ɗaya, girma ɗaya, allon ba ya kiransu da komai sai Ɗaya da Biyu, gwargwadon wayar da aka cusa wa kowanne. Ya sa tsohon a waya ta farko, sabon a ta biyu. Sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Aka kira azahar, kowa ya nufi masallaci, ban da Bubakar, shugaban ƙartin, wanda ya ce shi zai tsare kayan Alhaji. Har tambaya ya yi, wanne ne tsohon, don ya fi sa masa ido.

Kuran ya dawo, Labo ya danna Ɗaya zuwa Biyu. Cikin 'yan mintoci aka gama. Da ya tsaya ya yi tunani, da saurin nan ya ba shi tsoro, amma wa ke tunani da ƙarti huɗu a kansa?

Yanzu ga shi yana ta lalube. Ya shiga saitin farko na injin ya canza wanda za a fara karantawa. Shiru. Ya bar dis ɗaya kawai, ya sake waya. Shiru. Ya mayar da ɗayan shi kaɗai, wanda ko da safe ya tashi, shi ma fayau. Wofi aka kwafe a kan mai kaya, an shafe komai.

Ya leƙa cikin akwatin da kyau. Tsohon, mai ƙura a gefe, a waya ta biyu yake.

"Alhaji, wallahi ba haka na bar wayoyin..."

Ƙafar Bubakar ta same shi a baki kafin ya ƙarasa. Haƙori biyu suka zube. Aka kifar da tebur, aka tattake shi cikin fasassun gilasai, maƙwabta na leƙe.

"Nawa suka ba ka?" in ji Alhaji. Hawaye ne a idonsa, na gaske. "Bubakar, hannun da ya danna. Kada ya ƙara gyara ko rediyo."

Aka danne hannun dama na Labo a kan dakali. Da shi yake ci da mutum tara, ya kuma san bai yi kuskure ba, wannan ya fi dukan ciwo. Bubakar ya ɗauko guduma a cikin kayan shagon, ya durƙusa, ya kawo bakinsa daf da kunnen Labo kamar mai zagi.

"Ka yi mani gafara, Malam Labo. Huskata ce a ciki."